Fam 278: Tarihin Yadda Saƙon Tes Ya Shiga Yaƙi da Taba Sigari

A shekarar 2013 wasu masana tattalin arzikin kiwon lafiya a birnin Landan suka fitar da wani lissafi. Sun ce idan hukuma ta ɗauki mashaya taba sigari 1,000 masu niyyar bari, ta riƙa aika musu saƙonnin tes na ƙarfafa gwiwa har tsawon watanni, abin da za ta kashe gaba ɗaya fam 16,120 ne. A cikin dubun nan za a samu ƙarin mutum 58 da suka rabu da taba, waɗanda da ba don saƙon ba da suna nan suna busawa. Idan aka raba kuɗin, kowane mutum ɗaya da aka ƙwato ya tashi a kan fam 278. A ƙasar da jinyar mai ciwon dajin huhu guda ɗaya ke lashe dubban fam, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba.

Lissafin ya fito ne daga hannun Carla Guerriero da abokan aikinta na Makarantar Nazarin Tsabta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan. Amma tushensa ya girmi wayar salula da shekaru masu yawa.

A 1950 likita Richard Doll da masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitocin Landan, wanda ya nuna cewa kusan duk mazan da ke kwance da ciwon dajin huhu mashaya taba ne. Shi kansa Doll yana shan taba lokacin da ya fara aikin, kafin ya gama ya yar da ita. Shekara guda bayan haka suka rubuta wa likitocin Birtaniya wasiƙa suna tambayar ko suna sha, kuma kara nawa a rana. Likitoci maza fiye da 34,000 aka riƙa bibiya har shekara 50, ana rubuta wanda ya rasu da cutar da ta yi sanadi. Rai dai a hannun Allah yake, amma rahoton 2004 ya nuna abin da sababi ke yi idan aka dubi jama'a mai yawa. Wanda ya ci gaba da shan taba har ƙarshen rayuwarsa yana asarar kimanin shekara 10 idan aka gwada shi da wanda bai taɓa sha ba. Wanda kuwa ya bari yana ɗan shekara 30 kan tsira da kusan duk shekarun nan, mai 40 ya samu kamar 9, mai 50 kamar 6, har mai shekara 60 ma yakan samu 3. Daga nan aka san cewa taimaka wa mutum ya bar taba yana cikin abubuwa mafi riba da likitanci zai iya yi.

Sai dai sanin illa daban, bari daban. Nikotin da ke cikin hayaƙi yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da shi har ta riƙa nema da kanta. Mai shan kwali ɗaya a rana yana zuƙa kusan sau 200, kullum, shekara da shekaru. Ta haka taba ke manne wa kowane lungu na yini: bayan cin abinci, kan kofin shayi, a majalisar hira, da lokacin da rai ya ɓaci. Ranar da mutum ya bari, sai saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali su taso masa, su fi tsanani a makon farko. Kwaɗayin kan taso da ƙarfi, ya yi 'yan mintoci ya lafa, can an jima ya dawo. A cikin mutum 100 da suka yunƙura da ƙarfin zuciyarsu kaɗai, 3 zuwa 5 ne ke kaiwa wata 6 ko shekara ba su koma ba. Babbar matsalar ita ce a 'yan mintocin nan da ake cin nasara ko a faɗi, likita ba ya kusa. Yana asibitinsa, mai kwaɗayi kuma yana bakin tasha da ƙarfe 10 na dare, aboki na miƙo masa kara da ashana.

Waya ce ta fara cike wannan giɓi, tun tana ta girke. Jihar Victoria ta Ostireliya ta buɗe layin taimakon masu barin taba a tsakiyar shekarun 1980. A Amurka, masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince a 1988 da ƙarin harajin santi 25 a kan kowane kwalin sigari, aka ware wani kaso don yaƙi da tabar kanta. Da wannan kuɗi aka buɗe layin jihar a 1992, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ƙarƙashin jagorancin Shu-Hong Zhu. Dabararsu ita ce ba sa jiran mutum ya sake bugowa. Mai ba da shawara ne ke bin sa da kira a kwanakin farko na bari, lokacin da aka fi zamewa. Gwaje-gwaje suka tabbatar da cewa hakan na aiki, har Amurka ta samar da lamba ɗaya ta ƙasa baki ɗaya a 2004. Ingila ita ma ta buɗe cibiyoyin barin taba a ƙarƙashin hukumar lafiyarta ta NHS daga 1999, ta fara da yankunan talakawa.

Duk waɗannan sun dogara ne da ma'aikaci, ma'aikaci kuwa albashi yake ci, kuma mutum ɗaya yake iya saurara a lokaci guda. Ga shi layukan Amurka ba sa isa ga fiye da kimanin kashi 1 cikin 100 na mashaya a shekara. Matasa ne suka fi ƙin bugowa. Saurayi ɗan shekara 20 ba ya son ya zauna ya zayyana wa baƙon murya rauninsa.

A shekarar da aka buɗe layin Kalifoniya ne wani abu ya faru a Ingila da babu wanda ya danganta shi da taba. Ranar 3 ga Disamba, 1992, wani matashin injiniya mai suna Neil Papworth ya aika gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. Shi ne saƙon tes na farko a duniya. Harafi 160 kacal saƙon ke ɗauka, amma kafin shekara 10 ya zama harshen samari da 'yan mata a ko'ina.

Waɗanda suka fara haɗa abubuwan biyu da gaske suna can ƙarshen duniya, a ƙasar Niyu Zilan. Anthony Rodgers da abokan aikinsa na Jami'ar Auckland suka tsara wani gwaji mai suna STOMP, suka tara mashaya 1,705 masu wayar hannu, galibinsu matasa, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka sa kowa ya tsayar da ranar da zai bari, aka riƙa turo masa saƙo 5 a rana tun mako guda kafin ranar har makonni 4 bayanta. Wasu saƙonnin shawara ce, wasu yabo, wasu kuwa labarin wasanni ko kacici-kacici ne kawai don a ɗauke masa hankali. An haɗa mai bari da wani abokin tafiya da shi ma yake fama, su riƙa yi wa juna tes. Aka kuma ba su wata guda na aika saƙo kyauta, domin yatsun da suka saba riƙe kara su samu abin yi. A tsawon gwajin, ɗaya gidan bai samu komai ba sai saƙon godiya jefi-jefi. Da aka buga sakamako a 2005, kashi 28 cikin 100 na masu samun saƙo sun ce sun bari bayan mako 6, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 13.

Akwai wani abu a gwajin nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, sun fi kowa shan taba kuma sun fi kowa cutuwa da ita, ga shi shirye-shiryen lafiya da dama ba sa kai musu yadda ya kamata. Masu binciken suka sa 'yan Maori cikin tsara aikin, aka rubuta wasu saƙonni da kalmomin harshensu da al'adunsu. Sakamako ya nuna cewa dabarar ta yi musu aiki daidai da yadda ta yi wa sauran jama'a. Duk mai tunanin kawo irin wannan shiri wata ƙasa, daga nan ya kamata ya fara karatu.

Gwajin yana da rauni, su ma masu shi ba su ɓoye ba. Yawancin adadin daga bakin mutane aka ji shi, kuma a wata na 6 hoton ya dagule, saboda ba kowa aka iya samowa ba. Mutumin da aka yi wata da watanni ana lallashi, kunya kan sa ya ce ya bari ko da yana ɗan taɓawa a ɓoye.

Wannan kunya ce Caroline Free ta yi wa tarko a Landan. Ita da tawagarta suka ɗauko tsarin Niyu Zilan, suka zauna da mashaya taba da ƙwararrun masu ba da shawara na Birtaniya, suka sake rubuta saƙonnin da irin maganar mutanen wurin. Daga 2007 zuwa 2009 suka tara mutum 5,800 'yan shekara 16 zuwa sama, a gwajin da suka kira txt2stop. Rabi suka riƙa samun saƙo 5 a rana har mako 5, sannan 3 a mako har ƙarin mako 26. Kwamfuta ce ke zaɓo saƙon gwargwadon abin da mutum ya faɗa tun farko yana tsoro, ko ƙiba bayan bari, ko zama cikin abokai masu sha. Kafin ranar bari a tuna masa ya zubar da sauran taba da abin toka da ashana. Idan kwaɗayi ya taso masa, ko tsakar dare ne, sai ya tura kalma ɗaya tak, nan take amsa ta shigo tana gaya masa cewa abin zai wuce cikin 'yan mintoci, ya kurɓi ruwa a hankali, ya tashi ya taka. Idan kuma ya zame ya sha, akwai wata kalmar da zai tura, saƙonni su biyo baya suna nuna masa cewa kara ɗaya bai rushe aikin ba, ya miƙe ya ci gaba.

Bayan wata 6, duk wanda ya ce ya bari sai a nemi hujja. Akan aika masa 'yar kwalba ta gidan waya ya sa yawunsa ya mayar, a auna wani sinadari mai suna kotinin, wanda jiki ke samarwa idan nikotin ya shige shi. Wasu kuma aka auna numfashinsu. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2011: kashi 10.7 cikin 100 na masu samun saƙo sun bari, kuma gwaji ya gaskata su, a ɗaya ɓangaren kashi 4.9. Ninki biyu ke nan da ɗoriya. Amfanin ya bayyana ga manya da matasa, ga masu hali da marasa hali. Masu binciken har ciwon babban yatsa da haɗarin mota suka bincika, ko yawan duba waya ya jawo wata sabuwar matsala, ba su ga alamar haka ba.

Gaskiya ita ce 10.7 ba adadi ne na kiɗa da rawa ba. Kusan mutum 9 cikin 10 da suka samu saƙon ba su kai ga gaci ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce an yi aikin banza. Darajar abin tana bayyana ne idan aka ajiye shi kusa da farashinsa, kuma aikin da Guerriero ta yi ke nan. Ta tattara duk abin da shirin zai ci, kuɗin tura saƙo da na kwamfuta da na ma'aikatan da ke kula da tsarin, ya kama kimanin fam 16 ga kowane mutum. Sannan ta bi rayuwar waɗannan mutane a lissafi har tsufansu, tana auna yawan waɗanda za su kamu da cututtuka biyar da taba ke haddasawa: dajin huhu, shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, toshewar jijiyoyin zuciya da cutar toshewar hanyoyin numfashi. Ba ta manta da cewa wasu daga cikin waɗanda suka bari za su koma ba, ta sa su cikin lissafi. Abin da ya fito shi ne a kowane mutum 1,000 ana samun ƙarin shekarun rayuwa 18, ko kuma shekara 29 idan aka auna da ma'aunin da ke haɗa tsawon rai da ingancin lafiya.

A lokacin, hukumar NICE, wadda ke tantance magungunan da suka cancanci kuɗin gwamnati a Ingila, takan amince da magani idan shekara ɗaya ta cikakkiyar lafiya ba ta wuce fam 20,000 zuwa 30,000 ba. Saƙon tes ya samar da irin wannan shekara a kan 'yan ɗaruruwan fam. Da aka cire kuɗin jinyar da asibitoci za su huta da kashewa nan gaba, sai ya zama shirin yana mayar wa hukuma fiye da abin da ta zuba. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da saura. Sirrin kuwa a fili yake: mai ba da shawara idan mutane suka ninka sai an ninka shi, amma saƙon da aka rubuta sau ɗaya, mutum na miliyan ɗaya ba ya ƙara wa hukuma komai sai kuɗin turawa.

Daga nan abin ya bazu. Niyu Zilan ta riga ta mayar da nata gwajin shirin ƙasa tun 2008. Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta buɗe SmokefreeTXT a 2011. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka haɗa gwiwa don kai irin waɗannan shirye-shirye ƙasashe masu tasowa, inda kusan kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba a duniya suke zaune.

Indiya ce ta nuna iyakar girman da abin zai iya yi. A lokacin ƙasar na da masu amfani da taba kimanin miliyan 267, mafi yawansu ma taunawa suke yi ko cusawa a baki. A Janairun 2016 ma'aikatar lafiyarta ta ƙaddamar da shirin mCessation, ta kuma warware matsalar rajista da wata al'ada da duk mai waya a Kano ko Maraɗi ya sani: filashin. Mutum ya buga lambar gwamnati ya katse, ko sisi bai fita daga katinsa ba, sai saƙo ya shigo ana yi masa rajista. Fiye da mutum miliyan 2 suka shiga. Da aka tuntuɓi wasu daga cikinsu, kusan 1 cikin 5 suka ce sun yi kwana 30 ba su taɓa taba ba. Wannan adadi yana da daɗin ji, amma ba a ajiye shi a sahu ɗaya da na Landan, domin babu ƙuri'a, babu ɓangaren kwatance, babu gwajin yawu. Abin da Indiya ta tabbatar shi ne talaka zai amsa kira idan an sauƙaƙa masa ƙofa. Daga baya ta faɗaɗa shirin zuwa harsuna 12, ta ƙara da saƙon murya saboda waɗanda ba sa karatu.

A ƙasar Sin, wani gwaji da aka buga a 2018 ya samu kimanin kashi 6 cikin 100 a ɓangaren saƙo, kusan kashi 2 a ɗaya ɓangaren, shi ma da tantancewar sinadari. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mutum fiye da 33,000, ta ce saƙon tes na ɗaga yawan masu bari daga kimanin 6 zuwa 9 a cikin 100. Manhajojin manyan wayoyi kuwa, duk da ƙyalƙyalinsu da kuɗin da aka zuba musu, a lokacin ba su da hujja mai ƙarfi irin ta tsohon saƙon nan mai harafi 160, wanda ke shiga ko da 'yar ƙaramar waya mai tocila.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kawo labarin ƙofar gida. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yau kuma da wuya a samu ƙauyen da ba ta kai ba. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa manya kimanin miliyan 4.7 ke amfani da taba a Nijeriya, maza kusan 1 cikin 10, kuma kusan rabin masu shan sigari sun yi ƙoƙarin bari a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Niyya ke nan tana nan, mai riƙe hannu ake nema. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, wadda sashenta na 14 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin taimaka wa masu son bari. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, ta kuma tanadi asusu na musamman don wannan yaƙi. Duk wanda ya tsaya gaban mai tireda ya ga ana zare kara ɗaya daga kwali ya san tsakanin doka da titi akwai tafiya.

Lissafin Landan ba zai sauka a nan yadda yake ba, kuma kuskure ne a ɗauko fam 278 a juya shi zuwa naira a ce an gama. A Ingila hukuma ce ke biyan jinya, don haka ita ke cin ribar rigakafi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Idan magidanci ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, gona ake jinginarwa, ko a sayar da tumakin uwargida, ko a cire yaro daga makaranta. Ribar barin taba a nan ba za ta fito a kasafin ma'aikata da sauri ba, za ta tsaya ne a cikin gidaje, kuma wannan dalili ne na ƙara himma. Yammacin Afirka ma ba baƙuwar dabarar ba ce: a 2014 Senegal ta fara aika wa masu ciwon suga saƙonnin shawara a watan azumi. Watan azumi kuwa shi ne lokacin da mashayin taba Musulmi ke yini guda ba tare da kara ba, kwana 29 ko 30 a jere, da ƙarfin imaninsa. Saƙon da zai same shi daf da shan ruwa, da Hausar da yake ji, a rubuce ko da murya, ya dace da lokacin da hannunsa ke neman aljihu.

Kira ga ma'aikatun lafiya na tarayya da na jihohi, da hukumar sadarwa, da tsangayoyin likitanci na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, shi ne su ware wani kaso na asusun da dokar 2015 ta tanada su gwada wannan shiri a gida. A zauna da direbobi da 'yan acaɓa da ɗalibai su faɗi irin maganar da za ta ratsa su, a yi rajista da filashin, a raba mutane gida biyu da ƙuri'a, bayan wata 6 kuma a auna yawu kafin a kira 'yan jarida.